Jakar da Aka Saya wa Kujera

Na ji abin da kuka faɗa ɗazu a bakin ƙofa, kada ku ɗauka kunnena ya tsufa. Wai aikin Baba Ɗanladi ai hutu ne, a sa hula, a haska wayar fasinja ta yi ƙara, a wuce, ga yawo kyauta kullum tsakanin Washington da New York. Ke Rifkatu ke kika faɗa, kai kuma Auwal ka yi ta dariya har da dukan cinya. To, shugaban ƙungiyarmu ya ce in yi muku bayanin sana'ata tunda wasunku na neman aiki, sai ku kife wayoyin nan ku saurara. Shekara ashirin da 'yan kai ina kwandasta a jirgin ƙasa, fiye da rabinsu a jirgin nan mai gudu. Sau ɗaya tak aikin ya kusa kuɓuce mini, kuma ba Bature ne ya jawo mini ba, tamu ce, 'yar gida. Zan zo kanta, amma sai kun fara sanin mene ne aikin.

Iyayenku in sun ji an ce kwandasta, yaron bas suke tunawa, mai lilo a ƙofa yana ihun sunan unguwa, Kawo, Kawo. A nan ba haka ba ne. Kwandasta shi ne mai jirgi, direba ba ya motsawa sai na ce ya motsa. Ubana ma'aikacin reluwe ne a Kafanchan, mai canja layi. Ko a gabansa aka juya layi, sai ya taka ya je ya taɓa ƙarfen da hannunsa kafin ya ɗaga tuta. A lokacin na ɗauka rigimar tsufa ce kawai.

Ku tambayi kanku, me zai sa mutumin da ke da kuɗin jirgin sama ya zo ya hau namu? Filin jirgi yana can bayan gari. Sai ka yi sammako, ka bi layi, a sa ka kwance bel, a zubar maka da ruwan shanka, a tura jakarka cikin na'ura, in ka sauka kuma ka sake neman motar shiga gari. Mu kuwa a tsakiyar gari muke ɗauka, a tsakiyar gari muke saukewa, ƙasa da awa uku, mutum na zaune da kwamfutarsa yana aikinsa. Ko saura minti goma a tashi ka iso, ka samu. Daɗin kenan, kuma nan wahalar take, don ba wanda ya buɗe jakar kowa. A filin jirgin sama na'ura ce ke zargin mutane. A jirgin ƙasa babu na'ura, sai idon kwandasta. Saboda haka in kun ji ana cewa Baba Ɗanladi bai yarda da kowa ba, ba ƙarya aka yi mini ba, don shi ake biyana.

Satina na farko a jirgi mai tsayawa kowace tasha aka haɗa ni da wata tsohuwar kwandasta, baƙar fatar nan ƙasar, 'yar Baltimore, sunanta Mis Geraldine. Gajeriya ce, ba ta dariya, tana tafiya cikin jirgi yana gudu ba ta dafa ko kujera ɗaya. Ni kuwa ina tangaɗi ina faɗawa kan mutane ina ba da haƙuri. Rana ta uku ta tura ni in zaga tarago huɗu in dawo in faɗa mata abin da na gani. Na dawo na ce lafiya lau. Ta ce in koma. Na koma na dawo, na ce lafiya lau. Sau uku! Sai ta kama hannun rigata ta kai ni tarago na biyu, ta nuna mini wata jaka ruwan toka a saman kujerun da ba kowa a kansu. Jakarta ce, ita ta ajiye. Ta ce, “Ɗanladi, kai fuskoki kake kallo kana murmushi kamar ɗan siyasa. In ka shiga tarago, zuwa ka ƙirga mutane, dawowa ka ƙirga kaya, kuma kowace jaka ka ɗaura mata mai ita a ranka. Wadda ka rasa mata mai ita, ita ce aikinka.” Wata shida tana ɓoye mini wannan jakar, har a bayan kwandon shara. Na tsani jakar nan kamar me.

Kayan aikina a da ba su da yawa: hula, agogo, oba-oba ta magana da direba, makullin ƙofofi, da abin huda tikiti. Wannan abin hudar kowane kwandasta da irin nasa, ramin da yake fitarwa daban ne, nawa siffar kifi yake yi. Ko bayan wata guda aka ɗauko tikiti, an san hannun wanda ya bi ta kansa. Sai kuma 'yan takardun da muke maƙalawa a saman kujera, kowace tasha da irin yagar da ake yi mata, don in na hango daga nesa na san mai jar riga a Wilmington zai sauka. Yanzu an ba mu na'urar hannu mai kama da waya, kuma a jirgi mai gudu kowa da lambar kujerarsa tun daga sayen tikiti. Na'urar tana faɗa mini an sayi kujera kaza. Ba ta faɗa mini wane ne a kanta, ko me ya shigo da shi.

Akwai wani mai kwat da nakatayi da na yi wata biyu ina fako. Kullum da safe zai shigo da kofin shayinsa, da zarar na doso taragonsu sai ya miƙe ya shiga ban ɗaki. In na wuce ya fito yana goge hannu. Ran nan na wuce da ƙarfi yadda zai ji takuna, na cire hula na zauna a kujerarsa. Ya fito ya tarar da ni. Na ce, “Sannu da fitowa, ranka ya daɗe, ina tikiti?” Akwai masu barcin ƙarya, su za ka ga fatar idonsu na rawa. Akwai masu nuna hoton tikitin jiya suna rufe kwanan wata da babban yatsa. Mafi yawan fasinjoji mutanen kirki ne, ban ce ba. Amma mutumin kirki da wanda ba shi ba duk irin murmushi ɗaya suke yi maka, shi ya sa nake kallon hannu da kaya.

Shekarar annoba ce muguwar shekararmu. Na taɓa fitowa daga Washington da tarago guda mai fasinja biyu, ɗaya a wannan ƙarshen, ɗaya a wancan, kowa ya rufe hanci yana harara in ɗan'uwansa ya yi tari. Daga baya aka dakatar da jirgi mai gudun gaba ɗaya, aka tura da yawanmu gida. Matata nas ce a Largo, ita ke fita, ni ina gida ina dafa shinkafa ina jiran waya. Na yi 'yan watanni ina kai wa mutane kayan miya ƙofa-ƙofa da motata. Ranar da aka kira ni in dawo, na ɗauko hular nan na goge ta, na ce da kaina ba abin da zai sake raba ni da ita sai ritaya.

Bayan an dawo ne Hajiya Balaraba ta fara hawa jirginmu. Kun san ta, mahaifiyar Dakta Sani ta Beltsville, sa'ar uwata ce. 'Yarta Rukayya na aure a Philadelphia. Hajiya ta rantse in ba tafiya gida ko Makka ba, ba ta ƙara hawa jirgin sama, tun ranar da wata ma'aikaciya ta sa ta cire mayafi ta lalube ta a gaban mutane. Ranar farko da na zo kanta tana ta fama da wayar, sai na ce, “Kawo in duba miki, Hajiya.” Ta ɗago ta ce, “La ilaha! Ɗan wane gari ne kai?” Kafin mu kai Baltimore ta san sunan ubana, da na matata, da cocin da muke zuwa. Kafin sati ya zagayo, daga Wheaton har Largo kowa ya ji cewa akwai namu a jirgin ƙasa.

Nan fa aka buɗe mini ƙofar saƙo. Ku da aka haifa a nan ba ku san wannan ba. A gida in kana da kaya za ka aika Jos daga Kaduna, tasha kake zuwa, ka ba direba, ka rubuta suna a jiki, in kayan da girma ka biya musu kuɗin kujera su zauna kamar mutum. Can kuma wani ya tari motar ya karɓa. Ba wanda ke tambayar me ke ciki, tambayar ma rashin kunya ce. To haka mutanenmu suka ɗauke ni, direban tasha mai hula. Wannan ya kawo kilishi, waccan ta kawo ɗinki, wani fasfo. Kowa na ce masa a'a, doka ta hana, kora ce kai tsaye. Hajiya Balaraba kaɗai ta roƙe ni ya fi sau biyar. Har aka sa mini suna Bature. A wajen wani biki na ji da kunnena wata na cewa, “Rabu da shi, tun da aka sa masa hular nan ya manta daga inda ya fito.”

Wata ranar Talata da safe muka tashi daga Washington a kan lokaci, jirgi cike da 'yan kwat masu taro a New York. Na fara zagaye daga gaba. A tarago na uku, kujera ta tara gefen taga, sai na ga jakar Ghana-mas-go ƙarama, an ɗaure bakinta da yagin atamfa, tana zaune ɗas a kan kujera. Na'ura ta nuna an sayi kujerar zuwa Philadelphia, ba a haska tikitin ba. Na tambayi Baturiyar da ke gefe ko mai kayan na ban ɗaki. Ta ce a'a, wata tsohuwa ce ta shigo kafin a tashi, ta ajiye, ta ɗan bubbuga jakar, ta yi mata murmushi ta fita. Ta ce ita ma tun ɗazu hankalinta bai kwanta ba.

Na sunkuya ban taɓa ba. An manna farin salatif a jiki, an rubuta da baƙin biro: “Hannun Ɗanladi kwandasta. A ba Rukayya, Philadelphia.”

Na sake karantawa. Sunana ne a jikin jakar da ba ta da mai ita, cikin jirgin da ke gudu kamar zai tashi sama. Na san Rukayya ta haihu kwana huɗu da suka wuce, na kuma ji ƙanshin daddawa, don haka na san kusan tabbas kayan jego ne. Hanya mai sauƙi tana nan: in ce da Baturiyar na san mai kayan, in ɗauke in sa a ɗakinmu na ma'aikata, in miƙa a Philadelphia, shi kenan. In kuwa na kira, za a tsayar da jirgi, za a karanta sunana, kuma ba wanda zai yarda ba sana'ar kai saƙo nake yi a ɓoye ba.

Amma ku ji abin da ya tsaya mini. Ban ga Hajiya da idona ba. Duk wanda ya san sunana zai iya rubuta shi a salatif. Ko da ita ce ma, wa ya ɗaure jakar? Na san halinmu, in mutum ɗaya zai yi aike, maƙwabta uku sai sun cusa nasu ƙullin a ciki, mai aiken ma bai san me ya ɗauka ba. “Kusan tabbas” ba ya cikin abin da Mis Geraldine ta koya mini. Na roƙi mutanen taragon su ɗauki kayansu su koma na gaba a hankali, na kulle ƙofa. Ba a danna oba-oba kusa da irin wannan kaya, don in bam ne tana iya tayar da shi, sai da na yi nisa sannan na kira.

A Baltimore aka tsayar da mu. 'Yan sanda suka shigo da kare. Karen nan da ya ji ƙanshin dambun nama sai ya rikice, yana haushi yana jan igiya, su kuma suka ƙara tsorata. Aka fitar da jakar can ƙarshen dandamali aka buɗe. Dambu, daddawa, yajin jego, garin gero, sai wani farin gari a leda ba rubutu. Na ce musu kanwa ce, kunu ake yi wa mai jego da ita. Suka kalle ni kawai, suka aika a kawo kayan gwaji. Sai kuma ga wasu ƙulli uku, ɗaya da kwalba cike da baƙin ruwa, ba suna ba komai. Fiye da awa guda muna tsaye. Wani fasinja ya zo har gaban fuskata yana ihu, wai ya bar jirgin sama don kada ya makara, ga shi na kashe masa taro. Babban ɗan sandan ya ɗago salatif ɗin ya ce, “Wane ne wannan Ɗanladin?” Na nuna masa sunan da ke manne a ƙirjina.

A ranar aka karɓi hulata da makulli da na'ura, aka ce in zauna a gida sai an gama bincike. Zargin shi ne ina safarar kayan mutane a jirgi. Saura mini 'yan shekaru ritaya, kuma wanda aka kora a kan irin wannan ba jirgin da zai sake ɗaukarsa. Ta yaya mutum zai kawo shaidar abin da bai yi ba? A unguwa kuma magana ta juya, wai na kira wa tsohuwa 'yan sanda a kan daddawa. A shagon kayan miya na Wheaton wani dattijo ya ƙi amsa gaisuwata.

Sati uku aka sa ranar zama. Mutum uku a bayan tebur, ni da wakilin ƙungiyar ma'aikata a gefe guda. Ana cikin karanta zargi aka ƙwanƙwasa ƙofa, sai ga Dakta Sani riƙe da hannun mahaifiyarsa, idonta ɗaya a rufe da bandeji. Ashe ana gobe za ta yi tafiyar, da yamma, asibiti suka kira suka matso da ranar aikin idonta, ga tikiti an riga an saya. Dakta bai san ta je tasha ba sai da 'yan sanda suka kira shi. Na ɗauka haƙuri ta zo bayarwa. Ina! Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce da ɗanta, “Fassara musu, kada ka rage ko kalma ɗaya.”

Ta ce, “Ni na ajiye kayan. Kujerar tawa ce, na biya kuɗinta, ban hau ba na ce kayana su hau, ina laifi? Wannan kuma da kuke tuhuma, ku ma ba ku san shi ba. Ba shi da kirki ko na anini! Sau nawa ina roƙonsa ya kai wa 'yata ko da yaji ne, yana ce mini doka, doka. Ku je Beltsville ku tambaya, ku je Wheaton, akwai wanda ya taɓa kai wa ko allura? Shi ya sa ban ma neme shi ba ran nan, don na san zai ƙi. Na rubuta sunansa ne ko zai ji kunyar idon jama'a, ashe ba shi da ita.”

Dakta yana fassarawa yana share gumi. Ɗaya daga cikin masu binciken ya tambaye ta ko ta san abin da ke cikin kwalbar. Ta ce maƙwabciyarta ce ta ba ta, maganin ciwon baya ne aka ce, ita ba ta buɗe ba. Matar da ke shugabantar zaman ta rubuta wani abu, ta ɗago ta kalle ni ta saman tabarau. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Bayan kwana biyu aka kira ni in zo in karɓi hulata.

Kayan Rukayya kuwa 'yan sanda sun zubar, ga shi ba ta yi arba'in ba, uwarta kuma likita ya hana ta tafiya. Ranar hutuna ta farko na sayi tikiti da kuɗina, a matsayin fasinja, don fasinja yana da ikon ɗaukar kayansa in ya san abin da ke ciki. Na je Beltsville da safe. Na tarar Hajiya ta haɗa sabuwar jaka, ta ɗaure tamau da yagin atamfa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a daƙile. Na jawo jakar tsakiyar falo na fara kwancewa. Na buɗe dambu na duba, na shinshina yaji, na ɗanɗana kanwa, na zuba hannu cikin garin gero har ƙasa. Tana zaune tana kallona da ido ɗaya. Saura ƙulli guda da ta riƙe a cinyarta.

Ta ce, “Ɗanladi, duk abin da na yi maka a gaban Turawan nan, har yanzu ba ka yarda da ni ba?”

Na ce, “Ban yarda ba, Hajiya. Miƙo wancan ƙullin.”

Ta daɗe tana kallona, sannan ta miƙo.

To, Rifkatu, Auwal, duk wanda a cikinku zai iya duban idon sa'ar uwarsa ya faɗa mata haka, ya same ni bayan an tashi in nuna masa inda ake cike takardar neman aikin.